Tarihin Horar da Mataimakan Likita a Nijeriya: Daga Malamin Asibiti zuwa Jami'in Lafiyar Al'umma

1.0 GABATARWA

A yawancin ƙauyuka da ƙananan garuruwan Nijeriya, mutumin da jama'a suke kira "likita" a ɗakin shan magani bai taɓa zama a tsangayar koyon aikin likita ta wata jami'a ba. Shi ne yake sauraren koken majinyaci, ya auna zafin jikinsa, ya yi masa allura, ya wanke gyambo ya ɗaure, ya kuma ba da magani. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takarda ya tura mai shi babban asibiti. Wannan ma'aikaci da yake tsaye tsakanin cikakken likita da talakan da ke jinya yana da tarihin da ya haura shekara ɗari a ƙasar nan, amma ba kasafai ake waiwayarsa ba, domin masu rubuta tarihin kiwon lafiya sun fi karkata ga manyan asibitoci da likitocin farko.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka riƙa horar da irin wannan ma'aikaci tun daga farkon mulkin mallaka har zuwa shekarar 2014, tare da mayar da hankali a kan Arewacin Nijeriya. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, sau biyu hukuma tana kafa makarantar yaye likita mai ƙaramin matsayi, sau biyun kuma makarantar ba ta yi ƙarko ba saboda rigimar matsayi. Wanda ya ɗore shi ne ƙaramin ma'aikacin da aka fayyace wa iyakar aikinsa, wanda kuma yake magana da majinyaci da harshen da majinyacin yake ji. Ke nan batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi masana tarihi.

2.0 MATAIMAKIN LIKITA DA SUNAYENSA A HAUSA

Abin da ake nufi da mataimakin likita ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, alal misali, akwai ma'aikacin da aikinsa a ɗakin duba marasa lafiya ya tsaya ga auna jini da zafin jiki da nauyi, da ɗibar jini don gwaji, da shirya majinyaci kafin likita ya gan shi, ba tare da ya yanke hukunci a kan cutar da ke damun mutum ba. Akwai kuma wani rukunin da ya fi wannan zurfin karatu, wanda aka fara horarwa a Jami'ar Duke a shekarar 1965, wanda yake duba marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar likita. A Nijeriya kuwa, ƙarancin likitoci ya sa sau da yawa ayyukan nan biyu sun taru a kan mutum guda, kuma likitan da ya kamata ya kula da shi yana can nesa da shi. A wannan maƙala, mataimakin likita yana nufin duk wanda hukuma ta horar, ta kuma ba shi izinin duba marasa lafiya da ba su magani cikin wata iyaka, alhali ba shi da digirin likita.

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da masu ba da magani da kowanne ya san fagensa: boka da wanzami da maɗori da ungozoma da malamin da ke ba da rubutun sha. Da sabon tsari ya shigo, sai harshen ya bi hanyoyi uku wajen raɗa wa ma'aikatansa suna. Hanya ta farko ita ce aro, inda aka sami kalmomi irin su likita da asibiti da nas da disfensa daga Ingilishi. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar yadda ungozoma ta koma tana nufin har da wadda ta yi karatun karɓar haihuwa a makaranta, kalmar malam kuma ta game duk wani ma'aikaci mai riƙe da alƙalami, aka sami malamin gona da malamin daji da malamin asibiti. Hanya ta uku ita ce ƙirƙira, kamar duba-gari da ɗakin shan magani. Abin lura a nan shi ne, bambancin matsayin da hukuma ta ɗauka da muhimmanci ƙwarai bai dami mai magana da Hausa ba, domin a wurinsa duk mai farar riga da yake yin allura likita ne.

3.0 KOYO DA GANI: 1900 ZUWA 1930

Likitocin Turawa na farko sun shigo Arewa ne tare da sojoji, kuma asibitocin da aka fara ginawa a wurare irin su Lakwaja da Zungeru an yi su ne domin ma'aikatan gwamnati da soja. Talakan gari bai shigo cikin lissafi ba sai daga baya. A lokacin kuwa akwai 'yan Afirka da suka riga suka yi cikakken karatun likita a Birtaniya suna aiki a Legas, irin su Obadiah Johnson da John Randle da Oguntola Sapara. To amma a shekarar 1902, da aka haɗe ma'aikatun lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila aka mai da su rukuni guda, sai aka keɓe wannan rukuni ga Turawa kaɗai. Likita baƙar fata, komai iliminsa, sai dai a ɗauke shi a wani mataki na daban mai ƙarancin albashi. Wannan doka ita ce tushen zargin da ya bi duk wani shirin horar da mataimakan likita da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo daga baya.

Da yake likitocin Turawa ba su da yawa, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya ƙara rage su, annobar mura ta 1918 ta zo ta tona asirin ƙarancin, dole aka dogara ga 'yan ƙasa. Mataimakan farko ba su shiga aji ba. Yaro yakan fara ne da share ɗaki da wanke kwalabe, daga nan ya koyi ɗaurin gyambo, idan an ga hankalinsa sai a sakar masa allura. Haka abin yake a wuraren 'yan mishan, kamar wajen Dokta Walter Miller da ya zauna a Zariya daga 1905, da asibitocin Vom da Garkida da aka kafa a shekarun 1920. Wannan horo na koyo da gani ya samar da mutane masu gwanintar hannu, sai dai ba su da takardar shaida, ilimin kowannensu kuma bai wuce na maigidan da ya koya masa ba.

A daidai wannan lokaci maƙwabta sun riga sun yi gaba. Faransawa sun buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918 domin yaye likitocin taimako ga dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma, har da Nijar, kuma daga cikin waɗanda ta yaye akwai Félix Houphouët-Boigny. A Sudan ma an buɗe Makarantar Likitanci ta Kitchener a Hartum a 1924. Waɗannan misalai suna gaban hukumomin Legas a lokacin da suka fara shawarar kafa tasu.

4.0 MAKARANTAR YABA DA RIGIMAR MATSAYI

A shekarar 1930 aka buɗe makarantar koyon likitanci a Yaba, cikin Legas. Ɗalibanta sukan yi karatun kimiyya na share fage a Babbar Kwalejin Yaba, wadda Daraktan Ilimi E. R. J. Hussey ya assasa aka kuma yi bikin buɗe ta a 1934, sa'an nan su koyi duba marasa lafiya a babban asibitin Legas. Tsarin ya tanadi cewa ɗalibi zai fita da matsayin mataimakin likita, ya yi aiki a ƙarƙashin likitan gwamnati. Sai bayan ya shekara da shekaru yana aiki ne zai iya neman takardar shaidar da za ta ba shi damar tsayawa da ƙafarsa, ita ma a cikin Nijeriya kaɗai, domin Majalisar Likitoci ta Birtaniya ba ta amince da ita ba.

Hujjar gwamnati ita ce, ƙasa mai faɗi da yawan jama'a irin Nijeriya ba za ta iya jiran a yaye mata likitoci a Ingila ɗaya bayan ɗaya ba, baitulmali kuma ba zai iya biyan albashinsu ba. Da babu gara ba daɗi. 'Yan bokon Legas kuwa ba su karɓi wannan hujja ba. A ganinsu, an tsawaita wa yaro karatu kusan daidai da na jami'a, an tsananta masa jarrabawa, sa'an nan an ba shi takardar da ba ta ƙetare teku, da albashin da bai kama ƙafar na takwaransa da ya yi karatu a waje ba. Wannan ƙorafi a kan matsayin Yaba shi ne ya haifar da Ƙungiyar Matasan Legas a 1934, wadda Ernest Ikoli da Samuel Akinsanya da H. O. Davies da Dokta J. C. Vaughan suke kan gaba wajen kafa ta, wadda kuma ta koma Ƙungiyar Matasan Nijeriya a 1936. Wato dai, batun takardar shaidar Yaba yana daga cikin abubuwan da suka kunna wutar siyasar kishin ƙasa.

Duk da wannan suka, Yaba ta yaye ƙwararrun mutane, daga cikinsu akwai Dokta Michael Okpara wanda ya zama Firimiyan Jihar Gabas. Amma kwanakinta sun ƙare bayan da Kwamitin Elliot ya miƙa rahotonsa a kan ilimi mai zurfi a 1945. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan mai alaƙa da Jami'ar Landan, karatun likitanci ya koma can, a 1957 kuma aka buɗe asibitin koyarwarta. Daga nan Kudu ta rufe babin mataimakin likita irin na Yaba.

'Yan Arewa ba su taka wata babbar rawa a wannan babi ba, saboda ilimin sakandare ya makara a yankin, Kwalejin Katsina kuma an kafa ta ne da farko domin horar da malaman makaranta. Likitan Arewa na farko, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, bai bi ta Yaba ba. A Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa.

5.0 MALAMIN ASIBITIN EN'E

Tafarkin da Arewa ta bi ya sha bamban, kuma ya samo asali ne daga tsarin mulkin En'e. Daga ƙarshen shekarun 1920, hukumomin En'e masu ƙarfin baitulmali suka fara gina asibitoci, kamar asibitin cikin birnin Kano, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala Muhammad, da kuma ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Kowane ɗaki yana buƙatar mai kula da shi, don haka aka riƙa ɗibar samarin da suka gama elementare ko midil ana horar da su a asibitocin larduna, daga baya kuma a makarantar da aka keɓe don wannan aiki a Zariya. A Kano an buɗe Makarantar Koyon Tsabta a 1932 domin horar da duba-gari.

Horon malamin asibitin En'e gajere ne, an kuma tsara shi a kan abin da zai tarar a ƙauye. Ana koya masa gane cututtukan da suka fi addabar jama'a, da haɗaɗɗun magunguna ƙalilan da aka yarje masa ya bayar, da wanke gyambo, da dafa allura kafin amfani da ita, da cika rajista, da aika rahoton wata-wata. An kuma ja masa kunne a kan abin da ba nasa ba ne: ba ya fiɗa, ba ya riƙe majinyacin da ya kamata a tura gaba, kuma dole ya kai rahoton ɓullar agana ko sanƙarau nan take. Likitan lardi yakan zo rangadi ya duba littattafansa da kwalabensa. Ba a taɓa yi masa alkawarin zama likita ba, saboda haka rigimar da ta dabaibaye Yaba ba ta taso a kansa ba.

Yaƙi da manyan cututtuka biyu ya nuna irin abin da gajeren horo zai iya yi idan an tsara shi da kyau. Na farko shi ne ciwon barci da ƙudan tsando yake yaɗawa, wanda ya yi ɓarna a sassan Arewa a shekarun 1930. An kafa ayarin ma'aikata masu bin gari-gari, inda aka koya wa samari laluben kaluluwar wuya, da tsotso ruwanta da allura, da duba shi a madubin ganin ƙwayoyin cuta, da yin allurar magani. Da hannun waɗannan samari aka duba dubun dubatar mutane. A ƙasar Anchau ta lardin Zazzau har sai da aka sassare kurmin bakin rafuka, aka tayar da wasu ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Na biyu shi ne kuturta. Kafin shekarun 1950 sai dai a killace kutare a sansanoni irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Da ƙwayar dafson ta samu, sai Dokta C. M. Ross ya jagoranci tsarin da malaman kutare suke raba ta a ƙauyuka a ranakun da aka tsayar, majinyaci ya sha ya koma gidansa da gonarsa.

Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946 ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi, ta hanyar kafa cibiyoyin lafiya na karkara, irin wadda aka yi a Kankiya ta lardin Katsina. Inda tsarin ya yi rauni shi ne ɓangaren mata. Al'adar kulle da kunya sun hana mata da yawa zuwa gaban malamin asibiti namiji, 'yan matan da suka yi karatun da za a iya horar da su kuwa ba su da yawa.

6.0 MAKARANTAR KANO DA ZAMANIN 'YANCIN KAI

Da aka shiga shekarun 1950, Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mayar da ayyuka hannun 'yan Arewa, sai ta tarar likitoci 'yan asalin yankin ba su taka kara sun karya ba, ɗaliban da za su iya cika sharuɗɗan shiga Ibadan kuma ƙalilan ne. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1950 ta buɗe makarantar likitanci a Kano domin yaye likitoci masu ƙaramin matsayi da za su yi aiki a cikin jihar. A taƙaice, abin da Kudu ta ajiye a 1948 shi Arewa ta ɗauka, bisa hujjar da gwamnatin Legas ta kafa a 1930.

Ita ma wannan makaranta ba ta yi tsawon rai ba. Ƙasar da take dab da samun 'yancin kai ba ta shirya karɓar likitoci iri biyu ba, ɗaya na Kudu mai digirin Landan, ɗaya na Arewa mai takardar da ba ta wuce iyakar jiha. Bayan 'yan shekaru aka daina ɗaukar ɗalibai. A 1963 aka kafa Majalisar Likitoci ta Nijeriya mai alhakin rajistar likitoci bisa ma'auni guda, a 1967 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe tsangayarta ta likitanci.

Wannan mataki ya kare martabar aikin likita, amma bai kai likita ƙauye ba. Waɗanda jami'o'i suka yaye sun taru a birane inda manyan asibitoci suke. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya kuma sun sa ma'aikatan lafiya 'yan Gabas da yawa sun bar Arewa. Nauyi ya sake komawa kan ƙananan ma'aikata. Hasali ma, babbar nasarar lafiya ta wannan zamani, wato kawar da agana, wadda aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 1970, masu yin lamba da suka sami horon 'yan makonni ne suka ɗauki mafi yawan wahalarta.

7.0 SABON SUNA, SABON TSANI: 1975 ZUWA 2014

A cikin shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin samar da ayyukan lafiya na tushe. An tsara cewa kowane yanki mai mutum 150,000 zai sami babbar cibiyar lafiya 1, da matsakaita 4, da ƙananan asibitoci 20, da na tafi-da-gidanka 5. Gine-ginen ba su kammalu yadda aka tsara ba, amma shirin ya bar gado mai ɗorewa, wato makarantun fasahar kiwon lafiya na jihohi. Irinsu ne ake da su a Kankiya da Daura da Maƙarfi da Jahun da Gwadabawa da Ningi da Pankshin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e, ɗakunan shan magani da ma'aikatansu suka koma hannun ƙananan hukumomi.

Taron Alma-Ata na watan Satumba 1978, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya, ya ba wannan tafarki goyon bayan duniya, domin ya ɗora burin samar da lafiya ga kowa a kan kiwon lafiya a matakin farko. A 1979 asibitocin koyarwa suka fara horar da jami'an lafiyar al'umma, su ne shugabannin wannan sabon rukuni. Zuwan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, a matsayin Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992 shi ya daidaita tsarin. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, a 1992 kuma aka kafa hukumar raya kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, aka kuma zartar da Doka ta 61 wadda ta tanadi hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma.

Abubuwa uku suka bambanta wannan tsari da na Yaba da Kano. Na ɗaya, an guje wa sunan likita gaba ɗaya, aka kira ma'aikacin da sunan al'ummar da zai yi wa aiki. Na biyu, an kafa masa tsani nasa na kansa: ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma yana karatun shekara 2, babba, wanda ake taƙaita sunansa da CHEW, yana yin shekara 3, daga nan mai ƙwazo ya wuce asibitin koyarwa ya zama jami'i. Na uku, an rubuta masa kundin ƙa'idojin aiki, wanda yake bi daki-daki: ga tambayoyin da zai yi wa majinyaci, ga abin da zai duba, ga maganin da zai bayar, ga kuma alamar da idan ya gani dole ya tura mara lafiya gaba. Wannan kundi shi ne ya maye gurbin likitan lardi mai zuwa rangadi, shi ne kuma kariyar ma'aikacin a gaban shari'a muddin bai ƙetare shi ba.

An tsara cewa waɗannan ma'aikata za su riƙa ɓatar da kaso mai yawa na lokacinsu cikin gari, suna bin gida-gida domin wayar da kai, tun da rigakafi ya fi magani. Sai dai ƙarancin likitoci da nas-nas ya tsare yawancinsu a ɗakin duba marasa lafiya. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince da wannan hali a rubuce, inda ta fitar da manufar sauya wa wasu ayyuka hannu, wadda ta yarje wa ma'aikatan lafiyar al'umma da suka sami ƙarin horo su karɓi haihuwa, su sa wa mata ashanar tazarar haihuwa a damtse, su kuma taimaka wajen kula da masu tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki.

8.0 HARSHE A CIKIN HORON

Akwai wani gefe na wannan tarihi da manhajojin makarantu ba su cika kula da shi ba. Ɗalibin makarantar fasahar kiwon lafiya yana karatu da Ingilishi, yana rubuta jarrabawa da Ingilishi, kundin aikinsa ma da Ingilishi yake. Amma ranar da ya kama aiki, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci ko Tibi zai yi shi. Fassarar da ke tsakanin littafi da majinyaci an bar masa ita ya yi da kansa, alhali kuwa ba ƙaramin aiki ba ce.

Dalili shi ne, sunayen cututtuka na Hausa ba su yi daidai da rabe-raben littafin likita ba. Zazzaɓi ya game duk wani zafin jiki, shi ya sa aka ƙirƙiro zazzaɓin cizon sauro domin a ware guda. Shawara ta fi canjin launin ido faɗi a bakin mai faɗar ta. Sanyi yana iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko mura, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Basir kuma yakan ɗauki koke-koken ciki da na dubura iri-iri. Daɗin daɗawa ga kunya, wadda take sa mace ta ce al'ada ko gaba ko mara, ta bar wa mai sauraro ya gane sauran. Likitan da ba ya jin harshen ba zai kai ga wannan ba sai ta bakin mataimakinsa. Ke nan tun zamanin En'e malamin asibiti tafinta ne, kuma yana daga cikin waɗanda suka yaɗa kalmomin da yanzu suka zauna daram, irin su awon ciki da hawan jini da ciwon suga da ƙarin ruwa da ruwan gishiri da sukari.

Misalin da ya fi fitowa fili na horon da ya ɗauki harshe da muhimmanci shi ne shirin lafiyar karkara da aka fara a Garkida a 1974. A can, ƙauye ne yake zaɓen mutanensa ya tura su horon wata 3, kuma maimakon lacca, da labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo ake koyar da su, domin su ma da waɗannan hanyoyi za su koyar da jama'a idan sun koma gida. Wannan ya nuna cewa adabin baka yana iya ɗaukar ilimin lafiya ba tare da ya zubar da shi a hanya ba.

9.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bi tarihin mataimakin likita a Nijeriya ta matakai biyar: mai koyo da gani na farkon ƙarni na 20, da ɗalibin Yaba, da malamin asibitin En'e, da ɗalibin makarantar Kano, da ma'aikacin lafiyar al'umma na bayan 1975. An ga cewa Yaba da Kano sun kasa ɗorewa ne domin sun yaye mutumin da ya yi karatu kusan na likita aka kuma hana shi matsayin likita. Malamin asibitin En'e da magajinsa kuwa sun ɗore domin aikinsu yana da iyaka sananniya, magajin kuma ya sami tsanin ci gaba da rajista tasa ta kansa.

Haɗarin da tarihin yake nunawa shi ne, duk lokacin da aka ƙara wa wannan ma'aikaci nauyi ba tare da an ƙara masa horo da kulawa ba, majinyacin ƙauye ne yake ɗaukar asarar, domin shi bai san bambancin takardun shaida ba, ya dai san ya je wurin likita. Wani ɓangare na wannan horo yana hannun masana harshe. Tattara sunayen cututtuka da alamominsu yadda jama'a suke faɗar su a karuruwan harshe daban-daban, da daidaita kalmomin fannu, da fassara kundin ƙa'idojin aiki zuwa manyan harsunan ƙasa, ayyuka ne da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i za su iya yi tare da makarantun fasahar kiwon lafiya. Yin haka zai sauƙaƙa wa ɗalibi aikin tafintan da aka ɗora masa tun shekara ɗari da suka wuce ba tare da an koya masa shi a aji ba.